Kafin Ka Sayi Fuloti A Suleja, Tambayi Hanyar Ruwa

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna biranen Kudu a kan dokokin gini a wuraren da ruwa ke ci.



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne dokokin da suka hana gini a kan hanyar ruwa, na kuwa zaɓi garin Suleja na Jihar Neja ya zama abin misali. Dalili shi ne, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har Ama Hausa ta Owerri, da wuya a shiga zangon mutanenmu a rasa wanda ya sayi fuloti a Suleja ko Madalla, ko wanda ke tara kuɗin saye. Mutum ya yi shekara goma yana fataucin goro ko na shanu, ko yana gadi, ko yana canjin kuɗi, burinsa ya kafa gida kusa da babban birnin ƙasa, inda zai ajiye iyali ko ya zuba 'yan haya. To, yawancinmu ba da ƙafarmu muke zuwa sayen nan ba. Aike muke yi. A tura kuɗi ga ƙane ko aboki, dillali ya ɗauko hoton fili a waya cikin watan Fabrairu, ƙasa ta bushe ƙayau, ga yashi shimfiɗe kamar an share, a ce mana an yi dace da araha. Wanda ke Ikko ba shi da hanyar sanin cewa yashin nan da ya ba shi sha'awa ruwa ne ya kawo shi damina ta bara, kuma ruwan yana nan tafe bana.

Ya kamata mu fara da sanin garin kansa, domin tarihinsa shi ya haifi matsalar. Suleja ita ce Abuja ta asali. Bayan da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya a zamanin jihadi ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin cikin 1828 a gefen kogin Iku, a gindin duwatsu, garin kuwa ya ci sunansa. Haka ake kiransa har bayan ran 3 ga watan Fabrairu na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kaso mafi girma na ƙasar da aka keɓe wa sabon birnin daga wannan yanki aka yanke shi. Sunan ma aka ɗauka, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ke kan gado a lokacin. Amma shi garin ba a sa shi cikin yankin tarayya ba, ya zauna a Jihar Neja.

Ku lura da abin da wannan ya jawo. Sabuwar Abuja an zana mata babbar taswira cikin 1979, an ware inda za a yi gidaje, da inda za a yi ofisoshi, da kwaruruka da bakin rafuka waɗanda za a bari ba gini. Suleja ba ta cikin wannan taswira, alhali kuwa ita ce ta fara sauke baƙi. Ma'aikatan farko na hukumar gina babban birnin a can suka yada zango, haka magina da lebura da masu sayar musu da abinci. Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba na 1991, duk ƙaramin ma'aikacin da kuɗin hayar birni ya fi ƙarfinsa sai ya nufo Suleja. Sa'an nan rusau ɗin da aka yi a yankin tarayya tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sake koro dubban mutane zuwa garuruwan kan iyaka. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Suleja tana da mutum sama da 200,000, kuma kowa ya san yadda garin ya daɗa cika tun daga lokacin. Gari ne da duwatsu suka tsare, tudu mai kyaun gini ba shi da yawa. Da tudu ya ƙare sai aka gangara fadama, da fadama ta ƙare aka shiga bakin rafi, har aka kai ga cikin rafin kansa.

Mutanen da ba su yi karatun safiyo ba, amma sun san fadama wurin rake ne da shinkafa da kayan lambu, ba su kwana a cikinta. Sunayen unguwannin ma kansu gargaɗi ne ga mai kunne. In aka ce maka filinka yana Bakin Iku, ko yana Rafin Sanyi, ai an riga an gaya maka rabin labari.

A daren Asabar wayewar Lahadi 9 ga watan Yuli na 2017, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na sa'o'i masu yawa a Suleja da Tafa. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga gidaje a Bakin Iku, da Checheniya, da Kantoma, da Unguwar Gwari, da wajen hanyar Kaduna. Mutum sama da goma suka rasu, akwai gidan da aka rasa mutum takwas, mata da yara, a dare guda. Allah ya jiƙansu. Shekara uku bayan haka, a ƙarshen watan Yuli na 2020, ruwan ya komo, ya ci Rafin Sanyi da wasu unguwanni, aka sake jana'iza. Duk lokacin da haka ta faru sai manya su zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, a ce za a rushe duk ginin da ke kan hanyar ruwa. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, sai a ga masu buga bulo sun koma bakin aikinsu.

Ina so mu bambanta wannan ambaliya da irin wadda ake yi a bakin Kwara da kogin Kaduna, inda madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro ke sakin ruwa in sun cika, ana kuma sanar da mutane tun da kwanaki. Ta Suleja ba ta da madatsar da za a ɗora wa laifi, ba ta kuma ba da wa'adi. Ruwan sama ne ke sauka bisa duwatsu ya gangaro da gudu cikin kwari. A da, daji da gonaki suna shanye wani kashi, suna rage wa saura ƙarfi. Yanzu kuwa duk inda ka duba kwano ne da siminti, su kuwa ba su shan ko ɗigo. Ga lissafi mai sauƙi. Fuloti irin namu na ƙafa 50 da ƙafa 100, in aka yi ruwan milimita 50, wanda dare ɗaya na damina kan kawo, ruwan da ya sauka a kansa ya kai lita 23,000, watau jarka mai lita 25 sama da 900. In an rufe fulotin nan da kwano an dafe tsakar gida da siminti, kusan duka wannan ruwa waje zai fita. Ku ninka shi da gidaje dubu nawa ke kan tudu, sa'an nan ku tuna dukansa rafi ɗaya zai bi, rafin da aka matse da katanga dama da hagu, aka cika shi da leda da shara, kwalbatinsa kuma an yi shi ne tun garin bai kai rabin haka ba. Saboda haka wurin da dattijo zai rantse maka bai taɓa ganin ruwa ya kai ba cikin shekara talatin, yana iya nutsewa bana, dattijon kuwa bai yi ƙarya ba. Garin da ke sama da shi ne ya sake.

Yanzu sai mu zo ga doka, a nan ne kuma nake roƙon ku ba ni hankalinku sosai, domin a nan kuɗinmu ke salwanta. Cikin watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau tana aiki, an ma ɗaure ta a cikin tsarin mulki. Dokar ta ce dukan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna, riƙon amana domin jama'a. Ƙasar da aka ayyana ta birni ce Gwamna ke ba da iznin zama a kanta, ta ƙauye kuwa ƙaramar hukuma. Watau abin da mutum ke saye haƙƙin zama ne da amfani, kuma dokar ta ba Gwamna ikon soke wannan haƙƙi in bukatar jama'a ta taso, tare da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka bisa ƙa'ida.

Wannan maganar mallaka ke nan. Maganar gini dabam take. Cikin 1992, zamanin Janar Babangida, aka kafa doka mai lamba 88 ta tsara birane da yankuna, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1946. Ita ce ta shimfiɗa cewa ba a fara gini sai da iznin hukumar tsara gari, hukumar kuma tana da ikon hana izni, da tsayar da aiki, da rushe abin da aka gina ba da yardarta ba. Jihar Ikko ta kai Gwamnatin Tarayya ƙara a kan wannan doka, cikin 2003 kuwa Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da ba da iznin gini a cikin jiha aikin jiha ne. Ma'anar wannan gare mu ita ce, mai fili a Zuba hukumomin Abuja zai nema, mai fili a Madalla kuwa, ko da yana hango Zuba daga ƙofar gidansa, dokar Minna ce ke kansa, hukumar da zai nema ita ce Hukumar Raya Birane ta Jihar Neja. Har wa yau akwai ƙa'idojin da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar cikin 2009 domin tsare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna.

Jigon dukan waɗannan dokoki game da ruwa abu ɗaya ne, shi ne tazara. Kowane kogi, kowane rafi, kowace babbar magudana, akwai iyakar da aka ce a bar mata dama da hagu, ba a kafa tubali a ciki. Faɗin tazarar ya danganta da girman ruwan da kuma dokar jihar. Ku da ke Ikko kun san ta, domin a can ƙa'ida ta ce a bar mita 150 daga bakin teku, kuma kun sha ganin katafila tana cin gidajen da aka gina a bakin manyan magudanai. Ita tazarar nan ba ta lura da ko rafin yana da ruwa ran da ka je. Rafin da ke ƙafewa da rani rafi ne a wurin doka, haka yake kuma a wurin damina.

To, ga inda ake ruɗinmu. Dillali ya kawo takardar ciniki da sa hannun mai fili da shaidu, da hatimin mai unguwa ko dagaci, mu kuwa mu ninke ta mu sa a akwati, hankali kwance. Ba na raina wannan takarda, tana da amfaninta, ita ce shaidar cewa ka biya kuɗi kuma wanda ya sayar maka an san shi da filin. Amma ba ta ce wurin ya halatta a yi gini ba, mai unguwa kuwa ba shi da ikon faɗin haka ko da ya so. Ko takardar shaidar mallaka ta Gwamna, wadda muke kira satifiket, ba ita ce iznin gini ba. Mutum na iya riƙe da satifiket na gaskiya a kan fili, hukumar tsara gari ta ce rabinsa ya faɗa cikin tazarar rafi, ba za a gina shi ba. Takarda ta uku, watau amincewar hukuma da zanen gininka a kan wannan fili takamaimai, ita ce kaɗai ke kāre ka ran da aka zo da jan fenti. Wanda ba shi da ita, in aka rushe, da wuya ya ga ko kwabo na diyya, domin a idon doka ginin bai taɓa halatta ba. Ruwa ya ci kaya, katafila ta ci bango, dillali kuwa ya daɗe da kashe la'adarsa.

Mutanen Badun da ke cikinmu ba su bukatar in yi musu dogon bayani. Ran 31 ga watan Agusta na 1980, zamanin Gwamna Bola Ige, kogin Ogunpa da ya ratsa tsakiyar gari ya yi ambaliyar da har yau ake ba da labarinta, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Aka ce ba za a ƙara gini a bakinsa ba, aka shiga aikin faɗaɗa masa hanya, aikin da ya ɗauki shekaru ana yi ana tsayawa. Mutane suka ci gaba da gini a bakin sauran rafukan garin. Ran 26 ga watan Agusta na 2011 ruwa ya sake cin Badun, mutum sama da 100 suka mutu, har sai da aka nemo rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya cikin 2014 domin gyaran magudanai da madatsar Eleyele. A Jihar Neja kanta, abin da ya sami Mokwa da asubahin 29 ga watan Mayu na 2025 ya isa abin tunawa. Mutum sama da 150 aka tabbatar da rasuwarsu, ban da waɗanda ba a gansu ba, unguwannin da abin ya fi shafa kuwa su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Ku ji sunan nan na biyu da kyau. Baƙo shi ke zuwa gari a makare, bayan 'yan gari sun kama tudu, saboda haka sau da yawa zangon baƙi shi ke kwari.

Kada a ɗauka ina wanke hukuma ne ina ɗora wa talaka laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gida ba ya tashi a dare ɗaya. Ana haƙa tushe, a kawo yashi da tifa, a jera bulo har linta, a yi rufi, duk a gaban idon jama'a, cikin watanni ko shekaru. Hukumar da ba ta ga wannan ba sai ran da aka ɗauko gawa, lalle akwai gyara a aikinta. Jan fenti a jikin tushe ya fi rahama bisa ga katafila a jikin gidan da mutum ya zuba dukan abin da ya tara. Bugu da ƙari, ba a hana mutum gini a kwari alhali ba a yanka masa fuloti a tudu ba. Muddin samun fili ta hannun gwamnati yana bukatar jira mai tsawo da kuɗi da sanin wani, dillalin bakin rafi ba zai rasa kasuwa ba. Abu mafi sauƙi da za a iya yi wa Suleja, a ganina, shi ne a auna tazarar Iku da rafukan da ke zuba cikinsa, a kakkafa ginshiƙan siminti masu fenti a kan iyakar, yadda wanda bai iya karatu ba ma zai gani da idonsa, a kuma manna taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fada da gidan kowane mai unguwa. Dokar da ke kulle cikin durowa a Minna ba ta tsare kowa a Checheniya. Ita ma Gwamnatin Tarayya tana da haƙƙi a wuyanta, domin garin da ya ba da ƙasarsa da sunansa, yake kuma kwantar da ma'aikatan babban birni kowane dare, bai kamata a bar wa jiha ita kaɗai nauyin magudanansa ba. Kuma in za a yi rusau, a fara da katangar mai ƙarfi da ta karkatar da ruwa zuwa gidan mara ƙarfi.

Amma mu ba za mu jira sai an gyara hukuma kafin mu tsare dukiyarmu ba. Gani ya kori ji. Wanda zai kashe abin da ya tara cikin shekara goma, kuɗin mota daga Ikko zuwa Suleja ba zai gagare shi ba, in kuwa zai je, ya je cikin Agusta ko Satumba, washegarin ruwa. Ya dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a jikin bango daidai inda ya tsaya. Ya dubi ko akwai leda da tsumma rataye a rassan itatuwa na ƙasa ƙasa. In ya ga maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofa har gwiwa, ko sun jera buhunan yashi, ko ya ga gwaza da rake da ayaba sun yi kyau ba mai ba su ruwa, ya san inda yake. Ya bar dillali a baya ya tambayi matan unguwa da masu shago, su da ba su da la'ada a cinikin. Sa'an nan ya ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya fitar da zanensa, ya kai wa jami'an Hukumar Raya Birane masu kula da shiyyar Suleja, ya tambaye su ko wurin na gini ne, tazarar rafi kuma nawa ce, ya nemi amsar a rubuce. Duk wannan kafin a biya kuɗi, ko kuwa a biya kafin alƙalami kaɗai, a rubuta cikin yarjejeniya cewa in hukuma ta hana gini za a mayar da kuɗi. Mai filin da ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da ya sani. Shugabannin zango da na ƙungiyoyinmu na kasuwa suna iya sauƙaƙa wa jama'a wannan, su riƙe safiyo ɗaya da lauya ɗaya amintattu a can, kowa ya riƙa bi ta hannunsu, maimakon kowane mutum ya dogara ga ƙanensa wanda shi ma baƙo ne a garin.

Saura waɗanda aikin gama ya riga ya gama, gida yana tsaye a bakin rafi, iyali suna ciki, maigida yana nan Kudu. Su ne suka fi damuna, domin ruwan 2017 cikin dare ya zo, ya tarar da mata da yara suna barci. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta kula da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka, ana kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Mai irin wannan gida ya saurara, ya kuma shirya tun yanzu da wani ɗan'uwa ko maƙwabci da ke kan tudu, inda iyalinsa za su kwana duk daren da ruwa ya yi nauyi daga Yuli zuwa Satumba. A gaya wa uwargida a fili cewa in ruwa ya taɓa dokin ƙofa ta ɗebi yara ta fita, kada ta tsaya kwashe kaya, kada kuma ta jira sai ta sami maigida a waya. Takardun fili da na makarantar yara a ajiye su a wani gida dabam. In hukuma ta zo da tayin wani fili a madadin wannan, a je a gani, a karɓi takarda a hannu tukuna, sa'an nan a tashi.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ba ni ya cika. Masu tambaya a kan takardun fili suna iya kawo su yanzu mu duba tare.